Ranar da Aka Yi wa Baba Ƙaho

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Wannan labarin jinyar mahaifina ne, kuma tun yanzu ina neman afuwar masu saurin tashin zuciya. Akwai jini a ciki, akwai ƙazanta, akwai kuma halin mutane wanda ya fi ƙazantar ɓata rai. Na rubuta ne saboda duk gidan da ake shan maganin tsinka jini, don in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sunana Rukaya. A unguwar Maamobi ta Accra aka haife ni, koko da ƙosai nake sayarwa da safe kusa da mahaɗar Kawukudi. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni ke kula da Baba, ƙofar ɗakina tana kallon tasa. Baba Seidu, haka 'yan tasha ke kiransa, tikiti yake yanka a tashar motocin arewa da ke Circle. Mutum ne mai barkwanci, mai son shayi, wanda bai iya cewa a'a ba ko ga ɗan da ya haifa, balle ga na gaba da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake ce mini.

Ta'aziyya ya je Bawku, can arewa. A dawowa aka cusa masa buhun albasa a gaban kujera, ya taho tun daga can har Accra gwiwa a tanƙwashe. Bayan 'yan kwanaki sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi sheƙi, ka taɓa ka ji zafi rau. Nan da nan masanan gidanmu suka kama aiki. Wannan ya ce sammu ya taka a tasha, waccan ta ce sanyi ne ya taru. Na kai shi asibitin unguwa, suka duba suka tura mu babban asibiti.

Wanda bai taɓa bin layi a babban asibiti ba bai san darajar ƙafafunsa ba. Layin kati daban, layin awo daban, layin hoto daban, kowanne da bencinsa da mai tsawarsa. Muka wuni a nan, Baba ya miƙe ƙafa a kan jakata, mutane na tsallake ta kamar sun ga icce. Sai da yamma aka ce jini ne ya daskare ya yi guda a cikin jijiya, kuma in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, sai dai wani ba shi ba. Aka kwantar da shi. Allura a fatar ciki, kullum kuma a zo a zuƙi jini a 'yar kwalba a tafi da shi.

Ranar sallama likitan ya miƙo mini takardar magani, idonsa na kan katin mai bi mana. Ya ce ƙwayar nan tana tsinka jini, a sha kullum, a dawo gwaji. Shi ke nan. Bai ce kada a yanke shi ba. Bai ce kada ya sha maganin ciwon jiki na kanti ba. Bai tambayi abin da muke ci a gida ba. Ban ce mugu ba ne, na ga layin da ke bayana har ya wuce ƙofa. Amma maganar da za ta tsare ran mutum ba ta kai tsawon gaisuwar da ya tsaya yi da abokinsa a waya ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

A mako na biyu Goggo Memuna ta iso daga unguwar Nima, da kwanon abincinta da carbinta. Ita ce yayar Baba, ita ta goya shi, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Da ta ji an riƙa ɗibar masa jini a asibiti, sai ta tafa hannu.

"Sun shanye yaron nan kraa," ta ce. Mutumin da ya yi furfura take kira yaro. "Kai, Rukaya, ka je kasuwa ka sayo kontomire paa, da zogale. Jini zai dawo."

Mu a zango "kai" muke ce wa kowa, mace da namiji, don haka kada mai karatu ya ɗauka wani take aika, ni ce 'yar aiken. "Kraa" da "paa" daga yaren Twi muka aro su, kamar a ce "kwata-kwata" da "sosai". Kontomire kuwa ganyen gwaza ne, kuma kowa a nan ya yarda yana ƙara jini. Aka shiga ɗura wa Baba miyar ganye safe da yamma, ga dafaffen zogale a tsakani. Gida ya ɗauki warin ganye har a tufafi. Ni kaina na yi murna, don yana cin abinci.

Muka koma gwaji. Wani likita muka samu, ba na farko ba. Ya dubi sakamako ya ce jinin bai tsinke yadda ake so ba, ya ƙara yawan ƙwayar. Shi ma bai tambayi abin da ke cikin tukunyarmu ba. Daga baya na ji cewa ganyen nan yana rage wa wannan magani ƙarfi, wato likita na turawa, Goggo na ja, Baba na tsakiya.

Mako na uku shi ne makon 'yan dubiya. Ɗakin Baba ya zama tasha. Kowa ya shigo da "ya jiki" a baki da magani a aljihu. Wani abokinsa na masallaci ya kawo ƙwayoyin ciwon jiki daga kantin magani, ja da rawaya, ƙulle a farar leda, ba suna ba kwali. Wani ya kawo gorar ruwa cike da saiwoyi da wani baƙin ruwa mai kumfa, ya rantse shi ya tayar da surukinsa. Baba ya karɓa duka da godiya, ya tura ƙarƙashin matashi. In na fita sai ya sha, don ƙafar na yi masa zugi kuma ba ya son ya dame ni.

Cikinsa ya fara zafi. Ya ture kwanon miya ya ce, "Uwata, ni akuya ne? Ganye ya isa haka." Ya koma koko da shayi kawai. To ganyen da ke danne maganin ya tafi, ƙarin da likita ya yi yana nan, ga ƙwayoyin kanti suna cin bangon ciki. Mu ba mu san komai ba. Abin da na gani shi ne asawakinsa yana fitowa ja, da wasu baƙaƙen tabo a damtsensa alhali bai bugu da komai ba. Ranar gwaji muka sha layi, da muka kai gaban taga aka ce kayan gwajin sun ƙare, mu dawo wani mako, ko mu je na waje. Na waje kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da ke hannuna a ranar. Baba ya ce mu jira, ai ba gudu yake ba.

Sai ga bayan-gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani wari da ban taɓa ji ba, warin da ke maƙale a maƙogwaro. Ni ke zubar da fo, don haka ni na gani. Na nuna wa Goggo, ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Alhamdulillahi, dattin ciwo ne yana fita." Jini ne. Jini ne yake zuba a cikin cikinsa muna yi masa barka.

A mako na huɗu Goggo ta kawo maganar ƙaho. Ta ce ƙafar ta ƙi saɓewa ne don mataccen jini ya kwanta a ciki, kuma tun kakanni ƙaho ke zuƙe irin wannan. Na ce a bari mu tambayi likita tukuna.

"Likita ya san ƙaho?" ta ce. "Ubanka duk shekara yana yin ƙaho tun ba a haife ka ba. Kai yarinyan nan, don ka je makaranta kaɗan sai ka koya mini? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ce, "Goggo, jininsa fa ake tsinkawa. Dubi dasashinsa."

"Shi ya sa za a fitar da mugun, mai kyau ya zauna."

Baba ya ɗaga hannu daga kwance. "Uwata, ka bar Yaya. Ba za a yi ba sai an tambaya, ka ji ko?" Na ji, na kuma yarda, don ina son in yarda. Washegari na ɗauki tukunyar kokona na tafi Kawukudi.

Da hantsi na dawo. Tun daga bakin lungu na ga ruwan kwata ya sauya launi, ja-ja yana bin ruwan wanke-wanke da ledoji, ƙudaje na binsa. Na shiga gida na tarar da Baba a kan tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango, ƙafar a kan kujerar tsugunno. Wanzam Awudu, tsohon da ya saba yi masa ƙaho, yana durƙushe a gabansa. An cire ƙahonin an zube su a gefe. Tsagar aska layi-layi a sharaɓa, kowace tana tsiyaya. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaho ya san jinin da ake juyewa guda-guda yake fita, baƙi, mai kauri. Wannan kuwa kamar ruwan zoɓo, ba ya ko niyyar tsayawa. Zani biyu sun jiƙe sharkaf, an cika tasa an zubar a kwata, ana cika wata.

Goggo kuma tana tsaye tana ba da umarni. An shafa toka, jini ya wanke ta. An kwaso yanar gizo daga saman bayan-gida, daga bayan-gida fa, an manna a kan ciwon. Wata maƙwabciya ta kawo garin taba. Duk an cakuɗa a kan ƙafar ubana, ya zama wani baƙin taɓo yana gangarowa tsakanin yatsunsa, ƙudaje na sauka suna tashi. Na ajiye tukunya na yi amai a bakin rariya. Ba na jin kunyar faɗa.

Wanzam yana ta danna zani a kan tsagar. Ya ɗago ya ce, "Rukaya, jinin nan ba ya tsayawa. Wallahi ban taɓa gani ba. Yana shan wani abu ne?"

Na gaya masa. Ya juya ga Goggo, idonsa ya cika da ruwa. "Hajiya, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Bar shi ya fita," in ji ta. "Mugun jini ne, shi ya sa yana da yawa."

Baba ya dube ni, leɓɓansa sun yi fari fat. Ya ce a hankali, "Uwata, na ji kunyan Yaya ne." Na yage gefen zanina na ɗaure ƙafar tam, na yi ihu sai da maza suka fito. Tasi ba ta shiga lungunmu, don haka a kan kujerar roba aka ɗauke shi har bakin titi. Direban farko ya ga jini ya ja motarsa. Na biyu ya ce sai an shimfiɗa leda a kujera. Na tsaya neman leda, ubana na zuba a gefen hanya.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wata nas, 'yar ƙabilar Ga, mai baki kamar reza. Da ta kwance ƙafar ta ga toka da yana da taba, ta zage mu tas da yarenta, ta ƙara da Twi don kada wani abu ya wuce mu. Ban ji haushi ba, mun cancanta. Tana zagin tana wankewa, a hankali, tsaga bayan tsaga, har ta gama ba ta yamutsa fuska ga Baba ba ko sau ɗaya. Allah ya saka mata da alheri, ya ba ta masu yi mata.

Sai wata likita, yarinya ce ba ta kai ni shekaru ba, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce in gaya mata duk abin da ke shiga bakin Baba, har ruwa. Tun da muka fara jinyar nan ita ce ta farko da ta tambaya. Na faɗi ganye, na faɗi barin ganye. Na aika aka kwaso abin da ke ƙarƙashin matashi aka zube mata a tebur. Ta ɗaga ledar ƙwayoyin da yatsu biyu, ta buɗe gorar saiwoyi ta sansana ta kau da kai. Ta ce mai shan wannan magani ba a tsaga shi, ba ya shan maganin ciwon jiki sai da sanin likita, ba ya shan jiƙo, ba ya kuma cika ciki da ganye yau ya bari gobe. Ta ce jini a asawaki, ko baƙin bayan-gida, ba a kwana da su a gida. Na ce, "Dokta, da an gaya mana."

Aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara, mu kawo waɗanda za su bayar a mayar da wanda za a sa masa. Na fito waje inda dangi suka cika benci, na faɗa. Nan na ga tarin tsintsiya ba shara. Wannan yana azumin nafila. Wancan jininsa kaɗan ne, likita ya taɓa gaya masa. Wani ƙato, wanda shi kaɗai yake tashi da kwanon waakye, wato shinkafa da wake, na mutum biyu, ya ce bai daɗe da aure ba, in ya ba da jini ƙarfinsa zai tafi. Mai gorar saiwoyi kuwa ya tuna yana da saƙo a Kanda. Mutanen da suka yi mako suna cusa wa Baba magani kyauta, aka nemi abu ɗaya mai amfani a jikinsu, kowa ya zama marar lafiya.

'Yan tasha ne suka zo. Na kira ɗaya, ya gaya wa saura. Bra Kofi direba, wanda ba addininmu ɗaya ba, ya ajiye motarsa a kan layi ya taho da yaran mota, da baƙin mai a hannuwansu suka miƙa damtse. Wanzam Awudu ma ya zo ya ce a ɗebi nasa duka in ana so. Aka ce ya tsufa. Ya koma ya zauna a ƙarƙashin bishiya a harabar asibiti, kullum sai na gan shi a nan, bai taɓa shigowa ba, bai kuma fasa zuwa ba. Ba na riƙe da shi a zuciya.

Aka yi wa Baba allurar da ke mayar da jini ya yi kauri, aka ƙara masa leda bayan leda. A mako na biyar zubar ta tsaya, ta ciki da ta waje. Amma ƙafar ta ƙara kumbura, tsagar ta ɗuri ruwa saboda ƙazantar da aka cusa mata, in an buɗe bandeji sai na fita waje. Likitar ta kira ni gefe. Maganarta na nan a kunnena kamar yanzu: "In mun mayar masa da maganin, cikinsa zai sake ɓallewa. In mun hana, gudan nan yana nan yana jira. Muna roƙon ya ba mu 'yan kwanaki."

Baba kuwa ya warware har yana tsokanar nas ɗin, wai in ya tashi zai yanka mata tikitin Bawku kyauta ta je ta zagi mutanen can. Ya nemi shayi mai madara, na haɗa masa, ya ce sukari ya yi kaɗan, rowa na gado daga wajen mahaifiyata. Na yi dariya, rabona da dariya har na manta. Na fara tunanin wane ɗaki zan mayar da shi wanda 'yan dubiya ba za su same shi ba sai ta gabana.

Bayan azahar ne, ya yunƙura zai zauna ya yi taimama. Ya dafe ƙirji ya ce, "Uwata, iska." Na danna kira, aka zo a guje, aka tura ni waje. Gudan bai ba su kwanakin ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Aka kawo shi gida, maza suka shiga wanka. Muna zaune a tsakar gida, mata sun cika har ƙofa, sai Goggo ta taso ta ja ni zuwa bakin ɗakina. Ta rage murya. Ta ce an kwance bandeji wajen wanka, ƙafar ta tsattsafo ta ɓata likkafani.

"Ka buɗe akwati ka kawo farin yadi a ninka a wurin," ta ce. "Kar mutane su gani su yi surutu."

Na dube ta. Idonta ya kumbura da kuka, na san tana son ƙanenta, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma a wannan lokacin ma abin da ke gabanta shi ne bakin mutane. Na buɗe akwati na ba da yadin, don ba zan bari a fita da Baba cikin ɓaci ba. Na ce, "Goggo, wa za a ɓoye wa?" Ta ce, "Kwana ya ƙare, yarinya. Ka yi shiru."

Na yarda kwana ya ƙare. Ni musulma ce, na san ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ajali daban, ganganci daban, kuma Allah bai ce mu rufe na biyu da na farko ba.

Da aka fito da shi za a sa a makara, gefen hagu ya fi na dama tudu saboda ninkin yadi. Wata tsohuwa kusa da ni ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ƙafa bai saɓe ba har ya tafi. Maganin asibiti bai yi komai ba kraa." Wasu suka amsa mata da "wallahi." A cikinsu akwai wadda na san mijinta yana shan irin ƙwayar tsinka jinin da Baba ya sha.

Na miƙe tsaye. Muryata ta fito da ƙarfin da ban shirya ba. Na ce, "Ba kumburi kuke gani ba, yadi ne aka ninka don a rufe jini. Ƙaho aka yi masa yana shan maganin tsinka jini. Kowa ya ji, ƙaho aka yi masa."

Masu ɗaukar makara suka ɗan tsaya, sannan suka wuce da shi. Wata ta ja mini zani ta ce ba a yin haka ranar mutuwa. Matar nan da mijinta ke shan ƙwayar ta kafe ni da ido, hannunta a kan baki.

Goggo ba ta sake yi mini magana ba har yau. In mun haɗu a wajen suna ko biki sai ta gyara mayafi ta kalli bango, ni kuma in gaishe ta in wuce. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba Bra Kofi da yaransa lafiyar da suka raba da shi. In za a sake fito da makarar nan a gabana, zan sake faɗa.